Jar Tutar Turdubai

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma, na kan doki da na kan ruwa. Ranar Asabar, sha huɗu ga watan Satumba, da yamma, Allah ya karɓi ran abokina kuma tsarana, Turdubai ɗan Asanali, a cikin tafkin Isik-Kul. Shi ne mai koya wa mutane hawan allon iska a gaɓar ƙauyenmu. Ya rasu yana da shekara sittin da huɗu. Ya bar matarsa Burul, da 'ya'ya maza uku, da jikoki, har da jaririyar da aka haifa masa a Karakol ana saura kwanaki kaɗan, wadda bai kai ga gani ba. Tafki ya riƙe gawarsa kwana biyu, sannan ya maido mana da ita a kan yashi.

An saba rubuta irin wannan da sanyin zuciya. Tawa ba ta yi sanyi ba, kuma ba zan yi ƙaryar ta yi ba. Turdubai, tun ba a tsamo ka daga ruwa ba aka shiga binne sunanka a bakin mutane. A kasuwa, a ƙofar masallaci, a cikin motar haya, zancen ɗaya ne: wai tsoho ya ƙi yarda ya tsufa, ya tashi daga gaban surukai ba a shafa addu'a ba, ya tsallake shimfiɗar abinci, ya faɗa ruwa cikin guguwa don ya nuna gwaninta. Sai a kaɗa kai a ce ai ruwa gwani yake ci. Da a kasuwa maganar ta tsaya, da na toshe kunnena na wuce. Amma har gaban matarka aka kai ta, ita kuma ta yarda, domin dattawa ne suka kai mata. Wannan ne ya sa ni Orozali mai dawaki na ɗauki alƙalami, ni da rabona da rubutu mai tsawo tun ina makaranta.

Tare muka tashi, shekararmu ɗaya, kuma tsara ba ya jin kunyar tsara. Babu baƙar maganar da ban yaɓa maka ba, babu wadda ba ka rama ba. Mu mutanen gaɓar nan sha'aninmu sai mu. A bakin tafki aka haife mu, a bakinsa za a binne mu, muna rantsuwa da shi, muna sayar wa baƙi kifinsa, amma cikin mutum goma da ƙyar a sami biyu da suka iya iyo. Kai ne ka fita zakka. Muna samari ka ga wasu Rasawa a sansanin hutu, tsaye a kan allo, riƙe da filafili, faffaɗan ƙyallen nan da ke kama iska, ruwa yana gudu a ƙarƙashinsu. Ba a yi mako ba ka ɓalle ƙofar rumbun mahaifinka, ka yanko tsohon tamfol, ka kafa masa sanda. Ƙofar ta kife da kai tun ba ka yi nisa ba. Mahaifinka ya biyo ka da bulala har bakin ruwa, ya ja ya tsaya, domin shi ma bai iya iyo ba. Kai kuwa ka yi zamanka a cikin ruwa iya wuya, haƙoranka suna haɗuwa, kana jiran fushinsa ya huce.

Tun daga ranar nake kiran abin dokin katako, ko da aka zo ana kawo na zamani masu sheƙi daga waje. Nakan ce maka, "Wane irin doki ne wannan, ba ya haihuwa, ba a tatsarsa, ba a yanka shi ranar biki?" Kai kuma ka ce, "Amma bai taɓa harbin ubangidansa a gaban 'yan mata ba." Shekara arba'in kana yi mini gori da harbin nan guda ɗaya.

Ba zan ce kai mai sanyin hali ba ne, don waɗanda suka san ka za su yi mini dariya. Faɗa gare ka, murya gare ka, kuma ba ka iya lallashi ba. Na ga ranar da ka kori wani mai kuɗi daga ruwa saboda ya sha giya, yana jero maka sunayen manyan da ya sani, kana ce masa ya kira su su zo su yi iyo a madadinsa. Amma kai ɗin nan ne kake tara yaran ƙauye da sanyin safiya duk bazara, kafin baƙi su farka, kana koya musu iyo ba ko sisi. Kana zaginsu, kana tallafe da cikinsu da tafin hannunka. A da ba a yin bazara ba mu binne yaro ba. Tun da ka fara wannan aiki iyaye mata suka sami barci. 'Yata ta iya iyo, jikokina sun iya. Ni kaɗai na gagare ka, kuma ka ce ba laifinka ba ne, dutse ba ya koyo.

Ɗan ƙanen mahaifinka, Kadirkul, kai ka riƙe shi bayan rasuwar ubansa. Da ya tashi gina masaukin baƙi a bakin ruwa, da hannunka ka ɗauki duwatsun ɗakunan farko. Da masaukin ya bunƙasa, ya bar maka gefe guda na gaɓar, inda rumfar allunanka take, da ƙaramin kwalekwale mai inji na ceton wanda iska ta ja, da doguwar sandar tuta.

Ita tutar ja ce, Burul ce ta ɗinka ta, kuma duk shekara ita ke sake kalmashe bakinta inda iska ta cinye. Dokarka a kanta ba ta da reshe. In tuta tana sama, ko ɗan sarki ba ya shiga ruwa. In tana ƙasa, kowa ya shiga, ba sai ya neme ka ba. Kakan ce wa ɗalibanka, "Kada ku dubi sama, ba ku san ta ba. Kada ku tambayi juna, dukanku jahilai ne. Ku dubi tuta, ita ce bakina." Sun kuwa riƙe maganar da gaske. Ina roƙon mai karatu shi ma ya riƙe ta.

Ranar Asabar ɗin gari ya waye garau. Duwatsun ƙetaren tafki sun matso kusa har kana iya ganin tsagar ƙanƙarar da ke kansu, kuma duk ɗan gaɓar nan ya san wannan kyau ba na banza ba ne. Da hantsi iska mai daɗi tana busowa, ɗalibanka 'yan Bishkek da suke zuwa duk ƙarshen mako suna ta kai da kawowa, filafilansu ja da ɗorawa da shuɗi. Ina jan dawakaina a gaɓa ina jiyo ka kana yi wa wani tsawa ya miƙe bayansa. Wajen azahar iskar ta ɗauke ɗif. Ruwa ya kwanta kamar an shafa masa mai. Tsuntsayen ruwa suka sauka kan yashi suka jeru, can yamma kuma, ta bakin kwazazzabon Boom, wani hazo rawaya ya tokare sama. Ulan ce ke tafe, iskar yamma da ke kifar da jirage. Wannan ba wani ilmi ba ne da kai kaɗai ka sani. Mai sayar da masara ta sani, direban Kadirkul ya sani, goɗiyata ma ta sani, don ta fara kaɗa kunne. Ka busa usur, ka tattaro kowa, ka ja tuta sama da hannunka, ɗalibai suka tafi can ƙarshen gaɓa ƙarƙashin itatuwa suka kwanta.

A ranar ne kuma Kadirkul yake karɓar surukansa. Ɗansa ya auro yarinya daga duwatsun Narin, danginta sun zo ganin gida, an kafa musu farar bukka ta gashin tumaki a kan yashi, dab da sandar tutarka, don su ci nama suna kallon ruwa. Kai ne babba a dangi, dole ka zauna a cikinsu ka karɓi rabonka na nama. Ni ma an gayyace ni. Ka tafi gida ka sa rigar biki kana gunaguni, ka ce da ka bi Burul Karakol wurin jaririya da ka huta.

Abin da ya faru kafin mu dawo, Zuura mai dafa naman biki ce ta faɗa mini. Tana tsaye a wurin, kuma ta ce in rubuta sunanta. Da surukai suka sauko daga mota, kakar amarya, tsohuwa tukuf, ta ɗaga kai ta ga jan ƙyalle a kan bukka, sai ta toge. A zamanin kakanni, in an yi mutuwa, akan kafa mashi a jikin bukka a ɗaura masa ƙyalle: fari ga tsoho, baƙi ga magidanci, ja ga matashi. Mu a nan mun bar wannan tuntuni. Su a kan duwatsu ba su manta ba.

Ta ce wa Kadirkul, "Ɗana, wane yaro ne ya mutu muku?"

Ya ce, "Subhanallahi, apa, uwata, babu kowa."

"To, me jan ƙyalle yake yi a kan bukkar da za a zaunar da jikata? Biki kuka kira mu ko makoki?"

Ban ga laifin tsohuwar nan ba, abin da ta gada ta faɗa. Magana biyu ta isa ta fahimtar da ita: apa, wannan ta iska ce, tana hana 'ya'yan mutane shiga ruwa. Wace kaka ce za ta ji haka ta ce a sauke? Amma Kadirkul ya ga idon surukai a kansa, kunya ta kama shi, ya ga yi wa baƙuwa bayani kamar musu ne da ita. Ya sa aka sauke.

Zuura ta ce masa, "Kadirkul, tutar Turdubai ce fa. Dubi yamma."

Ya ce, "Na gani, ina da ido. Kafin su gama cin nama an mayar. Ni zan gaya wa baike, yayana, da bakina."

Bai gaya maka ba. Da muka iso, ta bayan masauki aka shigo da mu, aka zaunar da kai a can ƙurya kusa da manya, bayanka yana kallon sandar. Samarin surukai kuma, da ba su taɓa hawa ruwa ba, suka ga kwalekwale a ɗaure suka yaba. Abin da suruki ya yaba kuwa ba a hana shi. Aka ba su direba aka ce ya ɗan zaga da su.

Kafin Ulan ta iso takan aiko da 'yar iska mai laushi, mai yaudara. Ɗalibanka suka ji ta a fuska, suka ɗaga kai, ba tuta. Suka dubi ruwa, ga kwalekwalenka can da mutane suna dariya. Uku daga cikinsu suka ɗauki allunansu suka shiga. Masu cewa yaran nan sun yi ganganci su ji tsoron Allah. Abin da ka koya musu shi suka bi, harafi da harafi.

Mu kuwa muna ciki, an kawo kan rago, ana ta jawabai ana yabon zumunci. Sai murfin saman bukka ya buga sau ɗaya, da ƙarfi. Na ga ka ajiye wuƙa. Ka dubi Kadirkul ka ce, "Tutata tana nan?"

Ya ce, "Baike, ci nama. Komai lafiya."

Kai ka raine shi, ka san fuskarsa in yana ƙarya tun yana satar tuffa. Tsakaninka da ƙofa akwai shimfiɗar abinci, da mutum wajen talatin zaune gwiwa da gwiwa. Haka ne, ka tsallake ta. Na gani da idona, ƙafarka ta ture kwanon man shanu, mata suka kama baki. Na san girman shimfiɗa, uwata ta mare ni a kanta ina yaro. Amma ina tambayar dattawan da suke ta nanata wannan: da zagayawa ya kamata ya yi, yana ba kowa hannu yana neman gafara, 'yar mutane tana nutsewa? Allahn da ya ba mu gurasa shi ya ba mu rai, kuma ban ji inda ya ce gurasa ta fi ba.

Da muka fito, tafkin da muka bari shuɗi ya koma baƙi, ya yi furfura tun daga gaɓa har iyakar gani. Yashi yana dukan fuska, kujerun masauki suna birgima. Maza biyu daga cikin ukun igiyar ruwa ta watso su kusa, suna rarrafowa. Ta ukun ita ce Saltanat, ma'aikaciyar jinya, uwar yara biyu, wadda bana ta fara koyo. Tana can nesa, filafilinta ya kwanta a ruwa, iska tana jan ta gabas. Ka dubi inda kwalekwale yake, sai igiyar da ake ɗaure shi da ita. Daga baya muka ji direban ya tsere da surukai cikin wani lungu can yamma, kuma ya yi daidai, da ya juyo da sun kife.

Ba ka zagi kowa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ka tuɓe rigar biki ka yar, ka jawo allonka da ƙaramin filafili. Na riƙe hannunka na ce, "Turdubai, ka tsufa da wannan."

Ka ce, "Kai ne ka tsufa, ni tsaranka ne kawai. Hau jakinka ka bi gaɓa har harshen ƙasa. Can zan kawo ta. In mun wuce shi, ka gaya wa Kadirkul ya ci gaba da cin nama."

Harshen ƙasar nan mai dogayen itatuwa shi ne tudu na ƙarshe da ya kutsa cikin tafki ta gabashinmu. Wanda iska ta wuce da shi nan, sai tsakiyar ruwa, inda ba a ganin gaɓa. Na hau goɗiya na sake mata linzami. Ina gudu ina waiwaye, ina hango filafilinka yana yanka ruwa, ya ɓace a bayan igiya ya sake fitowa, har ka isa wurinta. Daga nan ruwan sama ya sauko ya rufe komai. Na daɗe a bakin harshen ina ihu, ni kaina ba na jin muryata. Da ruwan ya tsagaita, rana ta leƙo ta ƙarƙashin gajimare, sai ga allo ba filafili yana tahowa, mutum ɗaya kwance a kai. Na tura goɗiya cikin ruwa har ƙirjinta, na damƙo rigar Saltanat. An ɗaure ta a jikin allon da igiyar filafili, irin ƙullin da kai kaɗai kake yi. Ba ta iya magana ba. Kafin magariba iska ta kwanta, tafki ya yi lumui kamar bai aikata komai ba.

Yanzu ga abin da ya fi ƙona mini rai. Ba a faɗa wa mace mutuwar mijinta ta waya, dattawa ne suke tafiya su zauna, su bi da ita a hankali. Al'ada ce mai kyau, ba ni da ja. Amma dattawan da suka tafi Karakol sun tsaya a hanya sun yi shawara. Suka ce in zancen tuta ya fita, za a ce amarya farar ƙafa gare ta, surukai za su ji kunya, masaukin Kadirkul zai yi baƙin suna. Sai suka gaya wa Burul cewa ka ga iska ta taso, sha'awa ta kama ka, an hana ka ka ƙi. Da suka dawo babbansu ya ja ni gefe ya ce, "Orozali, ka riƙe bakinka. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mamaci ya riga ya tafi, masu rai ake gyarawa."

Amarya ba ta da laifin komai, na yarda, kuma duk wanda ya kira ta mai farar ƙafa ni da shi ne. Amma me ya sa rigar da za a rufa wa mai rai asiri sai an yanko ta daga mutuncin mamaci? Don ba ya iya tashi ya yi musu? Da kana da rai, Turdubai, da muryarka kaɗai ta kore su har bakin titi. Kuma tsautsayi bai sauke tuta ba, hannu ne ya sauke ta.

Kadirkul ya zo har gida yana neman in sayar masa da goɗiyar da ta fi ƙiba, wadda za a yanka a makokinka. Na ce masa dawakaina ba sa wanke laifi. Ya samo a wani wuri, har biyu, mutane suna ta yaba masa, wai ya fitar da ɗan'uwansa kunya. A daren da aka kawo gawarka Zuura ta miƙo mini wani abu a naɗe. Tutarka ce. A bayan madafa ta tsince ta, an rufe kwanon borsok, soyayyen ƙullin fulawarmu, da ita don kada yashi ya shiga, duk ta yi maiƙo. Na cusa ta cikin rigata.

Aka kafa bukkar makoki a ƙofar gidanka. Mu maza muna tsaye a waje, jingine da sanduna, muna kukanmu ta jikin bango, mata suna ciki. Burul ta juya fuska ga bango tana rera kukan miji, kuma a cikin wannan kuka mace takan faɗi duk abin da ke ranta. Ina jin ta da kunnena tana cewa, "Kai mai taurin kai, me na rage ka da shi, da ka zaɓi wasa ka bar ni? Jikarka tana kwance ba suna, tana jiran kakanta, kai kana can kana nuna wa baƙi gwaninta." Matar da ta yi shekara arba'in tana shanya maka rigunan ruwa, ita ce za ta raka ka kabari da wannan a zuciya, ta rayu da shi sauran kwanakinta. Dattawa suna gefena suna sharar ido, ba wanda ya motsa. Namiji ba ya kutsawa cikin matan makoki, kuma ko na kutsa, maganata ce ni kaɗai a kan ta dattawa huɗu. Sai na koma bayan gida na kira mijin Saltanat. Na ce in matarsa tana iya tsayuwa, ya ɗauko ta daga asibitin da aka kwantar da ita.

Da safen da za a binne ka suka iso. Tana tafe yana tallafe da ita, leɓunanta duk sun fashe. Ta shiga bukka ta durƙusa a bayan Burul. Bangon gashi ba ya ɓoye magana, duk wanda ke tsaye a waje ya ji.

Ta ce, "Apa, ni ce wadda ya je ɗaukowa. Ba tuta a sama, shi ya sa na shiga. Da ya iso allona ya riga ya tafi. Ya kwance filafilinsa ya yar, ya ɗora ni a kan nasa ya ɗaure ni. Allon ba ya ɗaukar mutum biyu a irin wannan ruwa, sai ya riƙe gindinsa yana turawa da ƙafa. Duk hanya faɗa yake yi mini. In na rufe ido ya ce, 'Ke, raguwa, a asibitinku haka kuke barci a kan aiki?' Na ce, agai, malamina, ka hau mu yi canji. Ya ce, 'Rufe mini baki ki dubi itatuwan can.' Da na ce na gaji, ba zan iya ba, sai ya ce zai ba ni saƙo. Ya ce an yi masa jika, ya zaɓa mata suna, bai gaya wa kowa ba. Ya ce, 'Ki kai wa Burul. In kika nutse da sunan jikata ban yafe miki ba.' Ya sa na yi ta maimaitawa. Da itatuwa suka matso na ce, agai, mun iso. Ban ji amsa ba."

Burul ta ce, "Wane suna?"

"Akmaral."

Kukan ya tsaya cak. Mu a waje ba mu san dalili ba, sai daga baya Burul ta gaya mini. Sunan da kuka ajiye ne tun cikinta na fari, in an sami mace. Aka yi ta samun maza, kuka bar shi a tsakaninku, ko 'ya'yanku ba su taɓa jin sa ba.

Matar mamaci ba ta fitowa daga bukka kafin a ɗauki gawa. Burul ta fito. Ta bi fuskokin maza da kallo har ta zo kaina, ta ce, "Orozali, ina tutar?" Ban san yadda ta san tana wurina ba. Na zaro ta na miƙa mata. Ta warware ta, ta dubi maiƙon da ke jiki, ta shafa bakin da ta kalmashe da hannunta a farkon bazara. Ta ce wa babban ɗanku ya kawo doguwar sanda ya kafa a jikin bukka.

Babban dattijon nan ya matso ya ce, "Burul, 'yata, an daina wannan. Ko da za a yi, ja ta matashi ce. Mijinki ya manyanta, fara ce tasa."

Ta ce, "Wannan ce tasa, ni na ɗinka masa. An sauke ta don kada baƙi su zaci an yi mutuwa. To, yanzu an yi. A bar ta a sama."

Kadirkul yana can wajen tukwane yana nuna yadda za a raba naman doki. Ya ɗago ya ga tutar, ya cire hularsa, ya zauna a ƙasa inda yake. Har yau bai buɗe baki ya faɗi abin da ya yi ba, kuma ina jiransa. Burul ta koma ciki ta ɗauki kukanta daga farko, amma ba irin na jiya ba. A ƙarƙashin jar tutarka muka ɗauke ka, kuma da wannan kukan na biyu ta raka ka.

Waɗanda suka zo jana'iza sun gani. Saura na kasuwa da na motar haya, su ne na rubuta wa wannan. Duk wanda ya ƙara cewa Turdubai ya mutu wajen nuna gwaninta, ya zo ya faɗa a gabana, gidana ba ɓoyayye ba ne.

Ya Allah, ga bawanka Turdubai ya zo maka. Ka san faɗansa, ka san zafin bakinsa, ka kuma san yawan 'ya'yan mutane da suke numfashi yau ta dalilinsa. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka karɓe shi cikin waɗanda suka yi shahada a ruwa. Ka sa ƙasar da ta rufe shi ta yi masa laushi, ka ɗumama masa makwancinsa, domin cikin sanyi ya tafi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Burul, da 'ya'yansa uku da matansu, da jikokinsa, da ɗalibansa na ƙauye da na birni. Allah ya ba Saltanat lafiya, ya cire mata nauyin da ba nata ba. Allah ya zaunar da amarya lafiya a ɗakinta. Kadirkul kuma, Allah ya ba shi ƙarfin faɗin gaskiya tun yana da bakin faɗa.

Jiya aka kawo jaririyar daga Karakol. Da yake ba ka nan, Burul ta ce tsaranka ne zai tsaya a madadinka. Na ɗauke ta, na yi mata kiran salla a kunne, na faɗa mata sunanta sau uku. Saƙonka ya iso, abokina. Allah ya jiƙanka.